Darasi: Idan baki da murya suka rabu a bidiyon waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. 'Yan'uwa na nan Garwa, na Marwa da Ngaundere, da masu bibiyarmu daga Kusseri har tsallake Njamena, sannunku da ƙoƙari. Wani ɗan'uwa da ke ɗaukar karatun malamin unguwarsu da waya ya aiko tambaya. Ya ce a farkon bidiyo komai daidai, amma kafin a kai minti 20 sai ka ga bakin malam ya rufe, murya kuwa tana ci gaba. Ya ja sauti gaba, ya ja baya, abin ya ƙi. To ɗan'uwa, ba laifin hannunka ba ne. Matsala biyu ce ake kira da suna ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin ka taɓa komai, cire iyafis ɗin Bluetooth daga kunnenka. Ina roƙonku da wannan. Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma ba kowace manhajar tace bidiyo ce ke gyara wannan jinkirin ba. Sai ka ɓata bidiyo mai lafiya da hannunka saboda kunne ya ruɗe ka. Saurara ta lasifikar wayar, ko iyafis mai igiya.

Yanzu duba wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Nemi kalmar da leɓe ke haɗuwa, irin "bismillah" ko "baba", don a nan ido ya fi kama saɓani. In tazarar da ka gani a farko ita ce a ƙarshe, ka gode Allah, wannan mai sauƙi ce. A CapCut, ko KineMaster, ko InShot, raba sautin da hoton, buɗe layin da yatsu biyu har ka ga zanen sauti sosai, ka matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya zauna. Shi ke nan.

Amma in tazarar tana ƙaruwa, farko daidai, tsakiya ta ɗan goce, ƙarshe ta lalace, to nan ne aikin yake, ku ba ni hankalinku.

Bidiyo hotuna ne a jere, ana kiran kowane ɗaya firam. Ka saita waya a kan firam 30 cikin sakan ɗaya, ka ɗauka 30 take bayarwa kullum. A'a. Yawancin wayoyi, Tecno ne, Samsung ne, iPhone ne, suna canza adadin suna cikin ɗauka. Haske ya ragu bayan magariba, sai waya ta rage firam don kowane hoto ya sha haske. Ta yi zafi, sai ta rage aiki don ta kare kanta, kuma kun san ranar Maris da Afrilu a ƙasar nan, zafi yana haura digiri 40, wayar da ta yi rabin awa a rana ba a cewa komai. Shi kuwa sauti bai san wannan ba, tafiyarsa yake yi a kan ƙa'ida ɗaya. Wayar tana rubuta lokacin kowane firam, shi ya sa in ka kalla a cikinta ba ka ganin matsala. Sai an kai wa manhajar da ta ɗauka tazarar firam duka ɗaya ce, ta jera su kamar bulo, nan hoto ke gajarcewa ko ya tsawaita, murya ta bar shi.

Kada ku raina ɗan bambanci. Tsakanin firam 30 da 29.97 a sakan kashi ɗaya ne cikin dubu, amma a awa ɗaya ya tara sakan 3.6. Idon mutum kuwa yana fara kama saɓani tun murya ta riga baki da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na sakan ba. In murya ce ta makara an fi haƙuri da ita, don mun saba ganin abu daga nesa kafin mu ji ƙararsa. Saboda haka in dole sai ka kuskure da firam ɗaya, bari murya ta biyo baya, kada ta riga.

Maganin: a daidaita firam tun kafin a fara yanka. Akwai manhaja kyauta mai suna MediaInfo, tana nuna maka ko firam ɗin bidiyonka tsayayye ne ko mai canzawa. In mai canzawa ne, kai shi kwamfuta, buɗe HandBrake, ita ma kyauta ce, zaɓi 30 ko 25, ka danna Constant Framerate, wato firam tsayayye, ka fitar da sabon fayil. Da wannan sabon za ka yi aiki. Na san ba kowa ke da kwamfuta ba. In waya kaɗai gare ka, saka bidiyon shi kaɗai cikin manhaja ba tare da ka yanka komai ba, ka fitar da shi a firam 30, ka duba ƙarshensa. Sau da yawa yana zama, amma inganci yana ɗan raguwa, don haka zaɓi mafi girman inganci wajen fitarwa. In ka riga ka gama yanka, sai dai haƙuri: datsa sautin duk bayan 'yan mintuna, a inda mai magana ya numfasa, ka daidaita kowane yanki shi kaɗai. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa nake nacewa a gyara tun farko.

Masu ɗaukar biki da masu waƙa, ku da kuke ɗaukar murya da wata waya daban kusa da lasifika, taku ta ɗan bambanta. Agogon cikin na'urori biyu ba ya tafiya daidai ɗari bisa ɗari, a doguwar ɗauka sai sun ɗan rabu. Ku yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara da an fara, ku sake wani kafin a tsayar. Tafi yana fitowa a zanen sauti tsini guda, ba ya ɓuya. Ku haɗa na farko, sannan ku je na ƙarshe. In ya goce, ku ɗan taɓa saurin sautin kaɗan har tafi biyun su hau. In manhajar ɗaukar murya tana ba da zaɓi, ku sa 48 kHz, shi ne ma'aunin aikin bidiyo. Kuma mai tafin ya tsaya kusa da makirufo, don sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan, nisan mita 10 kawai ya cinye kusan firam guda.

Ranar ɗauka kuma, ku cire wa waya riga, ku ajiye ta a inuwa, ku kashe tsarin tattalin batir, ku rufe sauran manhajoji. Mai iPhone ya shiga saitin kyamara ya kashe Auto FPS, wato tsarin da ke canza adadin firam da kansa. A samu haske isasshe. Da dare a ƙarƙashin fitila, firam 25 ya fi dacewa da mu, don wutar Kamaru da Chadi 50 Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a sakan, yana rage ƙyaftawar haske. Maimakon ɗauka ɗaya ta awa guda, a riƙa tsayawa duk minti 10 ko 15 in da hali.

Wajen tura wa mai tacewa, kada a tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, yana matse shi ya sake masa tsari. A tura a matsayin fayil, ko ta Xender, ko ta igiya. Ɗan'uwa mai karatun malam, gwada wannan a ɗaukar da ke hannunka, ka fara duba minti na ƙarshe, ka aiko mana abin da ka gani. Sai darasi na gaba, wassalamu alaikum.