Malaman da Suka Ƙi Sakin Koyo a Aikace

Ku dubi wannan teburin. Batir ɗaya ne, da guntayen waya biyu, da ƙaramin ƙwan lantarki. Yarinya ta haɗa su, ƙwan bai kama ba, ta juya batirin ta sake gwadawa, sai can ta lura cewa bakin waya ɗaya bai taɓa ƙarfen ba. Minti ashirin sun tafi a kan abin da malami zai rubuta a allo cikin minti biyu, kuma a kan waɗannan mintocin ne malamai da hukumomin ilimi suka daɗe suna ja-in-ja.

Tun a 1896 John Dewey, masanin falsafa da ilimi ɗan Amurka, ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago, inda yara ke koyon awo da lissafi ta hanyar girki da saƙa da aikin kafinta. Hujja ta ƙara ƙarfi a 2014, lokacin da masana suka tattara sakamakon nazari 225 kan ɗaliban kimiyya da lissafi a jami'o'i, suka ga kusan kashi 34 cikin ɗari suna faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, alhali kusan kashi 22 ne ke faɗuwa inda ɗalibai ke aiki da kansu. Sai dai gwajin da malami bai tsara ba yakan ƙare a hayaniya kawai.

Matsin lambar rage koyo a aikace yana fitowa ne daga abin da ake iya aunawa da maki. Dokar ilimin da Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8 a Amurka, kuma da sakamakon ake yi wa makaranta hukunci, don haka makarantu da dama suka rage lokacin kimiyya da zane.

A Janairun 2013, malaman sakandaren Garfield da ke birnin Siyatil na Amurka suka haɗa baki suka ƙi ba da jarrabawar MAP, wadda ake auna ci gaban ɗalibai da ita, suna cewa ba ta dace da abin da suke koyarwa ba, ga cin lokacin darasi. An yi musu barazanar dakatarwa ta kwana goma ba albashi, iyaye da ɗalibai kuwa suka mara musu baya. Zuwa watan Mayu, hukumar ilimin birnin ta bar wa makarantun sakandare zaɓin daina jarrabawar.