Amsoshin Tambayoyinku: Hukuncin Tuƙi Cikin Maye a Saudiyya

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan wanda aka kama da sitiyari a hannu alhali ba ya cikin hayyacinsa. Muna tare da lauya da kuma likita. Malam Lauya, ta farko daga wani direban gida ce a Karantina, Jidda. Ya ce ya ji tara ce kawai, mutum ya biya ta Absher, manhajar gwamnati, ya kama gabansa. Haka abin yake?

Lauya: Wanda ya gaya masa haka rabin magana ya faɗa. Tarar tana nan, amma somin-taɓi ce. Dokar murur, wato ta zirga-zirgar ababen hawa, ta 2007, wadda aka yi wa gyara a 2018, ta yanka riyal 5,000 zuwa 10,000 ga mai tuƙi cikin mayen giya, ko ƙwaya, ko maganin da aka yi gargaɗin kada a yi tuƙi bayan shansa. Za a kuma tsare motar. Shi da yake direban gida, motar ta kafilinsa ce, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ke nan maigida ya riga ya ji labari tun kafin gari ya waye. A tsarin maki kuma, wannan laifi shi kaɗai maki 24 ne, adadin da ake karɓe lasisi a kansa: wata uku a karon farko, wata shida a na biyu, shekara guda a na uku, a na huɗu a soke shi gaba ɗaya.

Wannan duka ɓangaren murur ne. Shan giyar kansa wani laifi ne dabam, don an haramta ta a ƙasar nan tun 1952. A Ingila akwai ma'auni, miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini, wanda bai kai ba a sallame shi. A nan babu wani ma'aunin da aka yafe. In gwaji ya nuna akwai, fayil zai tafi niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, daga nan kotu. Na san za a ce ai an daina bulala. Abin da Kotun Ƙoli ta soke a 2020 bulalar ta'aziri ce, wadda alƙali ke yankewa bisa ganinsa, aka maye gurbinta da ɗauri ko tara. Haddin shan giya bai shiga ciki ba, alƙali ne ke duba ko sharuɗɗansa sun cika.

Mai gabatarwa: Ga wata baiwar Allah daga Shara Mansur a Makka. Ƙanin mijinta ya buge wani mutum da dare, gwaji ya nuna ya sha. Mutumin na kwance a asibiti da karaya a cinya. Sun kawo mai tsaya masa amma an ƙi sakinsa, ga shi dangin majinyacin sun ce sun yafe.

Lauya: Hajiya, Allah ya ba majinyaci lafiya. Abin da za ku fara nema shi ne rahoton likita, don adadin kwanakin jinyar da aka rubuta a ciki shi ke juya shari'ar. Lambobi biyu za ku riƙe. Sashe na 62 na dokar murur ya ce in jinya ta wuce kwana 15, ɗauri na iya kaiwa shekara biyu, tara kuma riyal 100,000, ko ɗaya daga ciki. In an rasa rai, ko gaɓa, ko amfanin gaɓa, sai ya hau zuwa shekara huɗu da riyal 200,000. Lamba ta biyu ita ce 21. A jerin manyan laifukan da ke wajabta tsarewa, wanda aka fitar a 2020, an saka haɗarin da aka yi cikin maye in ya jawo mutuwa, ko naƙasa, ko jinyar da ta haura kwana 21. Karayar cinya ba ta warkewa cikin mako uku. Dalilin ƙin belin ke nan, ba wai mai tsaya masan ne bai isa ba.

Batun yafiya kuma, a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Haƙƙi biyu ne. Akwai na wanda aka ji wa ciwo, kuɗin rauni da asarar da ya yi, in kuma rasuwa ce diyya, wadda aka tsayar a riyal 300,000 ga kisan kuskure tun 2011. Wannan suna da ikon yafewa. Akwai kuma haƙƙin hukuma, shi ba na dangi ba ne balle su yafe, sai dai alƙali na iya duba yafiyar wajen sassauci. Kuma yafiyar baki a gaban dattawa, an sha gahawa an yi fatiha, ba ta shiga fayil. Sai mai haƙƙin da kansa, ko wakilinsa mai takardar wakilci, ya je an rubuta tanazul, wato takardar yafiya, a hukumance. In magada ne, kowa da kasonsa; yafewar babban wa ba ta ɗauke rabon sauran. Azumin kaffara na wata biyu a jere ga wanda ya yi sanadin rai, shi kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Mai gabatarwa: Wani daga Madina ya ce motarsa na da cikakkiyar inshora, ashe ba kamfani ne zai biya ba?

Lauya: Ya buɗe takardar inshorar ya karanta wurin da aka lissafa abubuwan da aka keɓe. Maye na ciki. Gyaran motarsa, motar da ya buge, diyya, duk kansa suke komawa. Kuma in akwai rauni, ba aikin Najm ba ne, kamfanin da ke duba haɗari don inshora, na 'yan sandan murur ne da motar asibiti.

Mai gabatarwa: Malama Likita, wannan taki ce. Wani mai jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka ya ce shi bai taɓa kusantar giya ba, tiramol yake haɗiya don ya jure aikin dare.

Likita: Ɗan'uwa, tiramol dangin maganin kashe zafi ne masu sa maye. Kana jin ƙarfi a jiki, amma tazarar da ke tsakanin ganin fitilar birkin motar gabanka da ɗora ƙafarka a kan naka birkin ta ƙaru ba ka sani ba. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a daƙiƙa guda. In aka yawaita shi kuma yana kawo farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Yana fita a gwajin fitsari har bayan kwana ɗaya ko fiye. Maganin tari mai kodin da wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi su ma a karanta takardar cikin kwalinsu. Masu cewa gahawa mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi na kore giya, hanta ce ke wannan aiki, kuma a hankali take yi. Mutum na iya kwana ya tashi tana nan a jininsa.

Lauya: In ƙara a kan na Malama, takardar likita tana halatta masa riƙe maganin, ba ta halatta masa tuƙi a kansa. In babu takardar kuwa, ya faɗa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2005: wata shida zuwa shekara biyu ga mai sha, baƙo kuma tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsa, bayan ya gama zaman, ba zai dawo ba sai yadda ƙa'idar Hajji da Umara ta ba da dama. Wanda aka haifa a nan amma igama, takardar izinin zama, yake riƙe da ita, baƙo ne a idon wannan doka. Sai dai ita dokar ta bar ƙofa: wanda ya kai kansa neman magani, ko iyalinsa suka kai shi, ya kuma miƙa abin da ke hannunsa, ba a shigar da ƙara a kansa.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajera ce, daga Riyad. In haɗari ya faru, abokin da bai sha ba ya koma kujerar direba fa?

Lauya: Sun zama mutum biyu a fayil ɗaya. Sashe na 63 ya haɗa musayar direba da gudu daga wurin haɗari a hukunci guda, tara har riyal 10,000, ko ɗauri har wata uku, ko duka biyun, a kan wancan na farko. Abin da doka ta ɗora wa direba shi ne ya tsaya, ya sanar, ya taimaki wanda ya ji ciwo. Lambar murur 993, motar asibiti 997, a Makka da Riyad kuma 911 ta haɗa duka.