Ƙofa Ce Take Faɗin Girman Kumbo: Lacca Kan Ƙera Ƙananan Samfura a Damagaram

An gabatar da wannan lacca a Zinder a gaban ɗalibai da wasu masu sana'ar hannu, sa'an nan aka rubuta ta daga muryar da aka naɗa, tare da 'yan gyare-gyare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena masu sana'a da suka rufe rumfunansu suka zo, da ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da yamma, kuma ina godiya da wannan dama da aka ba ni.

Abin da kuke gani a kan teburin nan kumbo ne, irin wanda ake nunawa a finafinan ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran da ake ƙirƙira game da tafiya tsakanin taurari da injunan da ba a riga an ƙera ba. Tsawonsa santimita 42 ne. Gangar jikinsa guntun bututun ruwa ne, injunansa uku sirinji ne da aka wanke aka yanke, sauran tarkacen da ke bayansa kuwa daga cikin wata matacciyar rediyo na ciro su. Da zan tambaye ku girman kumbon gaskiya da wannan yake wakilta, babu mai iya ba ni amsa daga inda yake zaune, har sai na juya shi kun ga wannan 'yar ƙofa da ke gefensa. Tsayinta santimita 2 ne. Tun da ƙofar da mutum zai shiga a tsaye takan kai kimanin mita 2, ashe kowane santimita a nan yana matsayin mita guda ne, ma'aunin ya zama ɗaya bisa ɗari, kumbon kuma mita 42 ke nan. Da na yi ƙofar milimita 2 kacal, da wannan abu ɗin dai, ba tare da an ƙara masa komai ba, ya zama mai tsawon mita 420, wato filin ƙwallo huɗu a jere. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a kansa nake so mu tsaya yau.

Kusan duk namijin da ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam ya taɓa yin motar kara ko motar langa-langa, kuma ban zo nan don in raina wannan ba, domin daga can hannuna ya fara sabawa da reza. Sai dai motar kara ba ta da doka. Girman tayarta ya danganta ne da murfin da yaro ya tsinta a bola, idan kuma direba ya fi ƙofar motarsa girma babu wanda zai yi magana. Samfuri kuwa, wanda masu zanen gine-gine a nan suke kira maket, lamba ɗaya ce take mulkinsa tun daga hanci har wutsiya. Idan ka ce ɗaya bisa ɗari, to taya da taga da tsani da kaurin bango duk sai sun bi wannan lamba.

Ma'aunan da aka saba da su suna da asali. Ɗaya bisa 72 ya fito ne daga awon Turawan Ingila, inda inci guda yake tsayawa a madadin ƙafa shida, wato kimanin tsayin namiji, kuma tun shekarun 1930 ake sayar da ƙananan jiragen sama a wannan ma'auni. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ƙware wajen narka robar polistirin ana ɗura ta cikin zubi, sai kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Revell na Amurka, daga baya kuma Tamiya na Japan, suka cika kasuwa da kwalaye masu ɗauke da gutsattsarin da mutum zai yanke ya haɗa da kansa. Rabin wancan ma'auni shi ne ɗaya bisa 144, wanda ya dace da manyan abubuwa. Rokar Saturn V, wadda ta ɗauki mutane zuwa duniyar wata a 1969, tsayinta ya ɗan haura mita 110, amma a wannan ma'auni takan dawo kimanin santimita 77, ta tsaya a kusurwar ɗaki ba ta takura wa kowa ba.

Abubuwan da ba su wanzu ba sun shigo cikin kwalayen nan ne ta hanyar talabijin da silima. An fara nuna shirin Star Trek a Amurka a 1966, kamfanin AMT kuma ya fitar da samfurin kumbon shirin, mai suna Enterprise, ya yi kasuwa ƙwarai. Babban samfurin da aka ɗauki shirin da shi, mai tsawon ƙafa 11, yana nan ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a birnin Washington. A Japan kuwa, shirin zane na Gundam ya fito a 1979, kamfanin Bandai ya fara sayar da samfuransa a 1980 a kan yen 300. Injin yaƙin da ke cikin shirin an ce tsayinsa mita 18 ne, saboda haka a ɗaya bisa 144 ya zama santimita 12 da rabi, daidai tafin hannu.

A nan ne wahalar fanninmu take, kuma a nan ne daɗinsa yake. Mai ƙera samfurin jirgin Boeing yana da abin dubawa: akwai hotuna, akwai awo, idan ya yi kuskure za a iya nuna masa. Mai ƙera kumbon da ba a taɓa yi ba ba shi da shaida sai idon mai kallo, ido kuwa ba ya yarda da girman abu sai ya ga wani abin da ya sani a jikinsa. Shi ya sa nake fara kowane aiki da yanka ɗan guntun kwali daidai tsayin mutum a ma'aunin da na zaɓa. Mutum mai mita ɗaya da santimita 80 yakan zama santimita 2 da rabi a ɗaya bisa 72, ya zama milimita 18 a ɗaya bisa ɗari, ya zama kimanin milimita 5 a ɗaya bisa 350. Wannan guntun kwali ba ya barin teburina. Duk abin da zan manna sai na tsayar da shi kusa da shi na tambayi kaina: wannan mutum zai iya buɗe wannan murfi, zai iya taka wannan tsani, zai iya leƙawa ta wannan taga?

Akwai kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi, shi ne manta cewa kauri ma yana bin ma'auni. Kwali mai kaurin milimita ɗaya, a ɗaya bisa ɗari, bango ne mai santimita 10, wannan kuwa ba laifi. Amma a ɗaya bisa dubu ya zama bango mai kaurin mita guda, irin na tsofaffin gidajen ƙasa na cikin Birni, kuma idan ka yi fiffike da shi ido zai ƙi yarda ko da mai kallo bai san dalili ba. Haka wayar da za ka yi eriya da ita, haka ɗigon gam da ya tsattsafo a bakin haɗi, wanda a ma'aunin kumbon zai iya kai girman tulu.

Lokacin da ake shirya fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a 1977, ma'aikatan kamfanin Industrial Light and Magic da aka kafa a 1975 sun riƙa sayen kwalayen samfuran tankokin yaƙi da jiragen ruwa da motoci, suna ɓalle ƙananan gutsattsarinsu suna mannawa a jikin kumbunansu. Dalilinsu shi ne fili mai santsi ba ya nuna girma, amma idan aka cika shi da ƙananan bututu da akwatuna sai ido ya ɗauka cewa katafaren abu ne. Dabarar tana aiki, kuma ita ce ta fi dacewa da mu, tun da duk wanda ya zagaya wajen masu gyaran rediyo da waya a kasuwar Dole zai dawo da aljihu cike da irin waɗannan tarkace. Sai dai a ganina mutane da yawa sun wuce gona da iri, suna yayyafa tarkace kamar mai barbaɗa yaji a kan tsire. Ni ƙa'idata ita ce kowane gutsure ya kasance da aikin da zan iya faɗa. Idan bututu ne, daga wane tanki ya taso, kuma wane inji ya nufa? Idan ba ni da amsa, sai in cire shi, ko da ya yi kyau.

Game da kayan aiki, reza mai kaifi da rular ƙarfe da samfefa mai laushi da ɗan hantsaki sun isa a fara. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne gam, saboda ba kowace roba ce take karɓarsa ba. Ku juya ƙasan kowane mazubi, sau da yawa za ku ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 6 ita ce polistirin, irin ta gidan faifan CD da wasu kofunan yawut, ita ce kuma ta fi sauƙin yanka da mannawa da fenti. Gam ɗin da aka yi dominta narka fuskokin biyu yake yi su zama abu guda. Lamba 2 da lamba 5, irin na jarka da yawancin murafan kwalba, suna da santsi kamar an shafa musu mai, gam ba ya kama su da kyau, fenti ma yakan ɓare. Idan dole ne a yi amfani da su, sai a kankare fuskar da samfefa, ko a huda a ɗaure da waya ta ciki. Gam mai saurin kamawa da ake sayarwa a kowane shago, idan aka ɗiga shi a kan garin bikarbonat, nan take yake daskarewa ya yi tauri, ana cike rami da shi a goge. Yana yin zafi lokacin da yake kamawa, tururinsa kuma yana yaji a ido, don haka a yi shi a zaure ko a tsakar gida.

Zan ba ku labarin wata asara da na yi, domin kada ku maimaita ta. Na taɓa shafe makonni ina sassaƙa sansanin duniyar wata da farin soson da ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Da na gama sai na ɗauko fentin feshi na gwangwani na fesa masa kai tsaye. Ina tsaye ina kallo dutsen da na sassaƙa ya fara ƙuna yana lotsawa, kafin in ajiye gwangwanin ya koma kamar kitsen da aka sa a wuta. Sinadarin da ke cikin fentin feshi yana cinye wannan soso. Maganinsa shi ne a fara shafe shi da farin gam na kafintoci har sau biyu ko uku, a bari ya bushe sarai, ko kuma a tsaya ga fentin ruwa.

Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗa, waɗanda littattafan Turai ba su san da su ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, fentin ruwa yakan bushe a bakin buroshi tun kafin ya kai jikin aiki, saboda haka ni bayan sallar asuba nake fenti, in sirka shi sosai, in yi shafe uku marasa kauri maimakon guda mai kauri. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Da zarar ka ajiye buroshi, ka kife aikin da babbar roba ko kwalin da ka yayyafa wa ruwa a ciki. Kada kuma a bar samfuri a mota ko a jikin taga, domin siraran sassansa sukan lanƙwashe a rana.

Ita wannan ƙura da take ɓata mana fenti ita ce kuma malamarmu. Samfurin da aka bar shi fes kamar sabon kwano ba ya kama da abin da ya yi tafiya. Ku je tasha ku tsaya kusa da babbar motar da ta sauko daga hanyar Agadez, ku dubi inda ƙura take taruwa a lungunan ƙarfe, da inda hannun yaran mota ya goge fenti a bakin ƙofa, da yadda hayaƙi ya yi baƙi a bayan salansa. Wannan ake kwaikwayo da fenti mai ruwa-ruwa da ake bari ya gangara cikin tsagogi, da kuma busasshen buroshi da ake shafawa a kan gefuna. Amma a yi tunani kafin a shafa. Kumbon da bai taɓa sauka ba ba ya haɗuwa da ruwan sama, don haka tsatsar da ta zubo ƙasa ba ta da hujja a jikinsa, abin da ya dace da shi shi ne ƙunar inji da koɗewar rana. Motar da ke yawo a duniyar Mars kuwa sai a yi mata ƙura ba tausayi, domin guguwar ƙura ce ta kawo ƙarshen Opportunity, motar binciken da Amurka ta aika can, a 2018, jar ƙasarmu da aka tankaɗe kuma tana ba da launin da ake so. Akwai wani abu kuma da hazo ya koya mana: duwatsun Birni idan ka hango su daga nesa sun fi haske a kan yadda suke idan kana kusa. Mai kallon samfurin ɗaya bisa dubu daga nisan mita guda kamar mai hangen abu ne daga kilomita guda, shi ya sa ake ɗan sirka launinsa da fari, baƙi ma a mai da shi toka-toka mai duhu.

Wani ɗan'uwa ya tare ni a bakin ƙofa da maganar hukuncin surori, wato ko ya halatta a ƙera siffar abu mai rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, wannan tambaya malamanmu za a kai wa. Abin da zan iya faɗa shi ne aikina jirage ne da injuna da gine-gine, kuma guntun kwalin da nake awo da shi ba shi da fuska ba shi da hannu, sanda ce mai tsayin mutum kawai.

Ga waɗanda suke so su gwada, kada ku jira kwalin Japan, domin kafin ya iso nan kuɗinsa ya ninka. Ku zaɓi ɗaya bisa ɗari, saboda lissafinsa ba ya bukatar na'ura, ku zana abin a takarda ta gefe da ta sama daidai girman da samfurin zai kasance, ku yanka ɗan kwalinku mai milimita 18, sa'an nan ku fara da ƙofa. Yanzu zan miƙa kumbon a zagaya da shi daga layin gaba. Don Allah a riƙe shi ta ƙasa da hannu biyu, a kuma yi hankali da eriyar da ke bayansa, domin sau biyu ke nan ina manna ta a wannan mako.