Roquefort: ƙauyen da ya kafa arzikinsa a kan madarar tumaki da iskar kogo

Assalamu alaikum jama'a. Yau kudancin Faransa za mu leƙa, wani ɗan ƙauye ne a yankin Aveyron da ake kira Roquefort-sur-Soulzon, mutanen da ke kwana a cikinsa 500 ne da ɗan wani abu, titi kusan guda ɗaya ne ya ratsa shi, gidajen sun manne a jikin dutse. Amma cukun da ake nunarwa a ƙarƙashin wannan ƙauyen har Amurka da Japan ana cinsa.

Bari mu fara da ƙasar. Wurin tudu ne na dutsen farar ƙasa, in an yi ruwan sama nan da nan yake zurarewa ƙasa, saboda haka noman hatsi ba ya wani albarka a saman tudun, ciyawa ce 'yar gajera da ƙayoyi. Saniya za ta sha wuya a nan, tunkiya kuwa ko a jikinta. Shi ya sa tun kaka da kakanni mutanen wurin makiyayan tumaki ne, kuma irin tunkiyar da suke kiwo sunanta Lacaune, don madara ake ajiye ta.

To ga inda abun yake. Dutsen da ke bayan ƙauyen, Combalou, wani ɓangarensa ya rufta tun zamanin da, duwatsu suka zubo kan juna suka bar koguna da tsagogi a tsakaninsu. Ta waɗannan tsagogin, da su mutanen wurin suke kira fleurines, iska take shiga tana fita dare da rana, sai kogon ya zauna da sanyi wajen digiri 8 zuwa 10 da damshi sosai, ko ana zafi a waje ko ana sanyi, kamar dai ruwan randa da rana tsaka. Wurin da ke da wannan iskar ma ba shi da girma, tsawonsa kamar kilomita 2 ne, faɗinsa mita 300. A nan suka gina ɗakunan ajiya hawa-hawa zuwa ƙasa.

Yadda ake yin cukun kuwa, ɗanyar madarar tunkiya ake amfani da ita, ba a dafawa, a sa mata wata funfuna mai suna Penicillium roqueforti, ita ce ke ba shi wannan zane-zanen shuɗi a ciki. Da can burodi suke ajiyewa a kogo har ya yi funfuna su busar su niƙa, kuma har yanzu akwai masu yin haka. In cukun ya daskare sai a shafe shi da gishiri, a huhhuda shi da allurai don iska ta shiga, a jera kan katako a kogo aƙalla kwana 14, daga nan a naɗe shi ya ci gaba da nuna a hankali har ya cika kwana 90 ko fiye. Curi ɗaya yakan kai kilo 2.5 zuwa 3.

Ni abun da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda suka tsare sunansu. A 1411 sarki Charles na 6 ya ba mutanen Roquefort izinin su kaɗai ke nunar da wannan cukun. A 1666 majalisar shari'a ta Toulouse ta sa hukunci kan masu sayar da na jabu. A 1925 kuma aka yi doka, ya zama cuku na farko a Faransa da aka kare sunansa da asalin wurinsa, wato ko ka iya yin irinsa sak a wani gari ba ka da damar kiransa Roquefort sai in a kogon Combalou ya nuna. 'Yan uwanmu na Nijar sun san wannan tsarin, don irinsa aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar. Madarar ma ba daga ko'ina ake karɓa ba, sai daga wani yanki da aka shata a Aveyron da maƙwabtanta.

Sunan nan ya taɓa jawo musu rigima da Amurka. Turai ta daɗe tana ƙin karɓar naman shanun da aka yi wa allurar ƙiba, a 1999 Amurka ta rama da ɗora harajin kashi 100 kan wasu kaya har da Roquefort, makiyayan da ba ruwansu da rigimar nama su suka kwana a ciki. A watan Agusta na shekarar wani makiyayi José Bové da abokansa manoma suka je garin Millau da ke kusa suka wargaza shagon abinci na kamfanin Amurka McDonald's da ake kan ginawa, har sai da ya yi zaman gidan yari, daga baya a 2009 aka zaɓe shi ɗan majalisar Turai.

Sai dai gaskiya akwai abun da ke damuna. Kamfanoni 7 ne kawai suka rage suna yin cukun, kuma mafi girmansu, Société, wanda aka kafa a 1842, yanzu yana hannun katafaren kamfanin madara Lactalis, shi ke fitar da fiye da rabi. Kuɗi na shigowa amma ƙauyen kansa raguwa yake yi, don wuri ne matsattse a gefen dutse, ba filin da matashi zai yi gida ya sake. Yawancin ma'aikatan a Saint-Affrique da Millau da ƙauyukan kewaye suke zaune, da safe su zo aiki da yamma su koma.