Rigar da aka ba Olisadebe a Poland

(Daga laccar da aka gabatar wa masu horar da yara da matasa 'yan ƙwallo a Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Malamai masu horarwa, iyayenmu da suka zo, da ku ƙannena da kuke kwana kuna tashi da ƙwallo, ina yi muku barka da zuwa.

Mutum ɗaya zan ɗauko muku yau, Emmanuel Olisadebe. An haife shi a Warri a 1978, ya buga wa Jasper United a nan gida, sannan a 1997 ya tafi Polonia Warsaw a ƙasar Poland. A 2000 ƙungiyarsa ta ɗauki kofin lig ɗin ƙasar. Kocin da ya san shi a Polonia, Jerzy Engel, shi aka damƙa wa tawagar ƙasa, sai ya duba ya ga ba shi da ɗan gaba mai sauri irin wannan yaro. Aka kai maganar ga shugaban ƙasa, Aleksander Kwasniewski, ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa a wannan shekarar.

Kafin wani ya ce ya sayar da ƙasarsa, mu tuna zamanin. Super Eagles na da Kanu, ga Ikpeba, ga Aghahowa yana tasowa. Babu wanda ya aika wa Olisadebe da goron gayyata. Ni dai ba na ganin laifin yaron da ya amsa kiran wanda ya kira shi.

Kuma ya biya su. A watan Satumba na 2000 ya zura biyu a ragar Ukraine a Kiev, a Maris na 2001 ya ƙara biyu a ragar Norway a Oslo, ya gama wasannin neman gurbi da ƙwallo 8. Poland ba ta je Gasar Kofin Duniya ba tun 1986, sai ga ta a Koriya ta Kudu da Japan a 2002. Can abin bai yi musu daɗi ba, Koriya ta doke su 2-0, Portugal 4-0. Wasan ƙarshe suka ci Amurka 3-1, kuma Olisadebe ne ya buɗe raga a minti na uku.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Shi ne baƙar fata na farko da ya sa rigar Poland, kuma a filayen ƙasar ne 'yan kallo suka riƙa jifansa da ayaba suna kukan biri. Ku ƙaddara kanku a wurinsa: za ka buga kwana, ka ajiye ƙwallo, ka ja baya, ayaba ta faɗo gaban ƙafarka, kuma masu jifan fasfonku iri ɗaya. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Ya koma Panathinaikos ta Girka, ciwon gwiwa ya dame shi, Engel ya bar aiki bayan 2002, sai gayyata ta yi ta raguwa. Wasa 25 ya yi wa Poland, ƙwallo 11, daga 2004 ba a sake ganinsa da rigar ba. Hanyar dawowa Najeriya kuwa ta riga ta toshe tun ranar da ya buga musu wasan gasa na farko.

Da a yau ne ma, ba zai samu sa rigar Poland cikin shekara uku da zuwansa ba. A 2004 Katar ta nemi ta ba Ailton, ɗan Birazil mai ci wa Werder Bremen ƙwallaye, takardar zama ɗan ƙasa alhali bai taɓa zama can ba. FIFA ta taka birki. Dokar da FIFA ta yi a 2008 ta ce in ba a can aka haife ka ba, ba iyayenka ko kakanninka, sai ka zauna shekara 5 a ƙasar bayan ka cika 18. Gyaran 2020 ya ɗan sassauta sauya ƙasa, amma ga wanda bai wuce wasa uku ba kafin ya cika 21, tare da wasu sharuɗɗa.

Me ya sa nake kawo wannan a Kebbi? Mu mutanen iyaka ne. Yaron Kamba ko Dole Kaina yana iya samun kakarsa a Gaya ko Dosso, kuma wannan haƙƙi ne na gaskiya, zai iya sa rigar Mena ta Nijar da kansa a sama. Abin da nake tsoro shi ne dillalin da zai zo gidan Alhaji ya ce a sayar da shanu biyu, zai kai yaro ƙasar Larabawa, wata shida a ba shi fasfo ya buga wa ƙasa. Ƙarya yake yi. Ko sun ba shi fasfon, FIFA ba za ta bari ya shiga fili ba. Malamai, in irin wannan ya zo wa yaronku, ku nemi lasisinsa na FIFA, ku nemi wasiƙar ƙungiyar a rubuce, kuma kada uba ya sa hannu sai wanda ya iya karatun kwantiragi ya karanta masa.

Na ga hannu a baya. Malam, bismillah, a miƙa masa lasifika.