Sharhi: Kowace Tashar Talabijin Da Ubangidanta, To Wayar Hannu Fa?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan labaran talabijin ne, da ƙorafin nan da ake ta yi a majalisa da tasha da kasuwa cewa gidajen talabijin sun zama 'yan amshin shata, kowace tasha da ubangidanta, shi ya sa mutane suka tattara nasu ya nasu suka koma Facebook da TikTok da WhatsApp neman labari.

Ƙorafin gaskiya ne, babu ja. Amma masu cewa wai da can ba haka abin yake ba, to a nan ne zan ɗan saɓa da su, domin talabijin a ƙasar nan cikin rigimar siyasa aka haife ta. A 1953 Gwamna Macpherson ya shiga rediyon gwamnatin mulkin mallaka ya caccaki Awolowo da jam'iyyarsa ta AG, Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani aka hana shi, abin ya tsaya masa a rai, da tsarin mulki ya bai wa jihohi damar buɗe kafafensu sai ga WNTV, talabijin ɗin gwamnatin Yamma ta Awolowo, a Ibadan a 1959. Gabas ta buɗe tata a 1960, mu ma a Arewa gwamnatin Sardauna ta buɗe tamu a Kaduna a 1962. Kowane Firimiya da bakinsa. Soja suka zo suka haɗe su wuri ɗaya a 1977 aka sa mata suna NTA, to da aka dawo farar hula a 1979 NTA tana hannun gwamnatin NPN, gwamnonin adawa suka ga ba za a taɓa nuna su da alheri ba, sai Jakande ya buɗe tasa a Legas, marigayi Abubakar Rimi na PRP ya buɗe CTV 67 a Kano, wadda yanzu ake ce wa ARTV. Don a ji muryar 'yan adawa aka buɗe su. Amma abin da ya biyo baya kowa ya sani, tashar jiha ko'ina take a Najeriya ta wanda ke gidan gwamnati ce, ranar da ya sauka ranar za ta manta sunansa.

Ku zauna ku kalli labaran ƙarfe tara na dare na NTA da idon basira. Shugaban ƙasa ya karɓi baƙuncin wane, mataimakinsa ya wakilce shi wajen taron kaza, uwargidan shugaban ƙasa ta yi kira ga mata, minista ya jaddada ƙudirin gwamnati, kafin a zo kan garin da aka kashe mutane jiya da daddare an ci rabin lokaci, in ma an kawo ke nan, kuma za ka ji an ce "jami'an tsaro sun shawo kan lamarin" alhali mutanen garin suna firamare suna kwana a ƙasa. A tashar jiha kuwa gwamna ya ƙaddamar, gwamna ya yaba, gwamna ya yi ta'aziyya, sai hoton matan da aka jera a rana kowacce riƙe da ƙullin shinkafa ana ce musu su ɗaga sama kyamara ta ɗauka. Kuma fa sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ƙarara ya ce kada a yi amfani da kafar gwamnati a fifita wata jam'iyya, a raba fili daidai wa daida. Wa ya taɓa ganin an yi?

Da Babangida ya sa hannu a doka ta 38 a 1992 aka kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin aka bai wa 'yan kasuwa dama, mun ɗauka an rabu da Bukar. To amma wa ke da kuɗin buɗe talabijin? Marigayi Raymond Dokpesi mai AIT jigo ne a PDP, kuma duk wanda ya kalli tashar gab da zaɓen 2015 bai manta shirye-shiryen da aka riƙa maimaitawa kan Buhari da Tinubu ba, har Tinubu ya kai su kotu, a 2016 suka fito suka ba shi haƙuri. Ita kuma TVC jama'a da Tinubu suke danganta ta, shi ya sa ma aka cinna wa ofishinta na Legas wuta lokacin zanga-zangar EndSARS ta 2020, wanda wannan ɗanyen aiki ne, ma'aikatan da ke ciki abincinsu suke nema.

Ba na cewa duk 'yan jaridar talabijin 'yan kore ne, a'a wallahi, akwai masu aiki tsakani da Allah kuma suna shan wuya a kai. A watan Oktoban 2020 NBC ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowacce kan yadda suka kawo labarin zanga-zanga, a 2022 aka ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda rahoton da suka shiga daji suka yi kan 'yan bindiga, wato ka je ka jiyo abin da ke cin mutanenka ka dawo a ce ka biya tara. Sai a 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin yanke wa kowa tara tunda ita ba kotu ba ce. Sannan ga talauci na cikin gida, dizal na janareta, albashin da ake wata da watanni ba a biya ba, ɗan rahoto ya je taro ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ambulan ɗin "kuɗin mota", wata tashar ma in ba ka biya kuɗin ɗaukar labari ba kyamara ba za ta fito ba ko da rijiyar garinku ce ta ƙafe. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

To sai ga waya ta shigo hannun kowa, kuma gaskiya ta yi rana. Harbin da aka yi wa masu zanga-zangar EndSARS a Lekki da ke Legas ranar 20 ga Oktoban 2020, wata mai kiɗa da ake kira DJ Switch ce ta nuna shi kai tsaye a Instagram duniya ta gani. Bidiyon dalolin nan na 2018 da aka zargi Gwamna Ganduje, shi kuma ya musanta, jaridar intanet ta Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ce ta sake shi. Yau in aka kai hari wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, kafin wata tasha ta ji, wani yaro ɗan garin ya riga ya sa a Facebook da sunayen waɗanda aka ɗauke, ko ya turo saƙon murya a guruf ɗin 'yan ƙauyensu mazauna birni, su kuma su fara haɗa kuɗi. Wannan aikin jarida ne ko da ba shi da katin shaida.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. 'Yan siyasar da suka sayi fili a talabijin su ne dai suka saya wa samari waya da data, sojojin bakan da muka sani a rediyo yanzu suna da ƙanne a soshiyal midiya, a ba mutum dubu biyar ya wuni yana zagin sa'an babansa, a ɗauko hoton rikicin wata ƙasa na shekarun baya a ce yau aka yi a Jos, kafin a ƙaryata an tura wa guruf ɗari. Ku tuna daren nan na 2014 lokacin Ebola da aka riƙa tashin mutane daga barci wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka, ba talabijin ce ta yaɗa shi ba, mu ne da wayoyinmu. Kuma shi kansa Facebook ɗin kamfani ne da ya fi duk tashoshinmu kuɗi in an haɗa su, abin da ke tayar da hankali shi yake turowa gaba saboda shi ke riƙe mutum a kan waya. Mai wayar ma ba shi da kariya, Dadiyata, malamin nan mai sukar 'yan siyasa a soshiyal midiya, tun watan Agustan 2019 da aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna iyalansa ke jira, an rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, a shekarar kuma aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya.

Ni abin da ya fi kwanta min a rai shi ne abin da maƙwabtanmu na Nijar suka fara tun 1999 a garin Bankilare, wato rediyon al'umma, ƙaramar tasha mai aiki da hasken rana wadda mutanen gari ke da kwamitinta, yanzu suna da irinta fiye da 100. Mai karanta labarin ɗan garin ne, in ya yi ƙarya gobe za a tare shi a masallaci ko a kasuwa a tambaye shi, ba irin mai shafin da ba a san sunansa ba balle garinsu. Su ma suna da matsalarsu ta kuɗi da tsoron hukuma, amma dai farashin gero da ɓatan akuya da rikicin burtali suna samun fili. Mu a nan sai 2015 aka ba da lasisin irin wannan guda 17 kacal, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774.

Dalili kuwa a fili yake, har gobe lasisin buɗe rediyo ko talabijin sai shugaban ƙasa ya amince, kuma shi ke naɗa shugaban NBC. Don haka 'yan majalisar da za su zo neman ƙuri'a, a tambaye su ko za su cire wannan iko daga hannun mutum ɗaya, a sauƙaƙa kuɗin lasisi yadda ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwar gari za ta iya buɗe tata tashar, kuma a ɗauki amsar tasu a waya a ajiye.