Auren 'yar Amurka: ta wace ƙofa ka shiga?

[Hotuna: ɗaurin aure, sai layin matafiya a filin jirgi]

Maganar ta cika WhatsApp, wai da zarar ka auri 'yar Amurka, shi ke nan, takardu sun samu. Jama'a, a bi a hankali.

A taƙaice hanyar ita ce: matar ta shigar da takardar I-130, ta nema wa miji izinin zama a Amurka, mijin ya samu katin zama na dindindin, wato girin kad, bayan shekara 3 da samun katin suna tare ya nemi zama ɗan ƙasa. Wannan kowa ya sani.

[A matso kusa da hatimin shiga a fasfo]

Ku dubi wannan hatimin da kyau. A nan mutane ke ruɗewa. Dokar Amurka ta ce wanda zai gyara takardunsa yana cikin ƙasar, dole ne a ce jami'in shige da fice ya duba shi ya ba shi izinin shiga. Wanda ya shigo da biza ta ƙare masa ya ci gaba da zama, in matarsa 'yar ƙasa ce, galibi ana yafe masa. Amma wanda ya tsallako ta iyakar Meziko ba wanda ya duba shi, ko 'ya'ya biyar suka haifa, wannan ƙofar a rufe take gare shi.

To sai yaya? Sai ya koma gida a yi masa tambayoyi a ofishin jakadanci, ɗan Najeriya a Legas. Kuma yana fita daga Amurka dokar shige da fice ta 1996 ta hau kansa. In ya wuce kwana 180 ba izini, an haramta masa dawowa shekara 3. In ya kai shekara guda, haramcin shekara 10 ne. Gaba kura, baya sayaki.

[Mace da yara a bakin ƙofa]

Akwai mafita. Tun 2013 ana iya neman afuwa da takardar I-601A kafin a fita. Sai dai dole a nuna cewa matar ko iyayensa masu takardu za su shiga matsanancin hali. Wahalar yara ita kaɗai ba ta isa ba, kuma wallahi wannan sashen yana ci min rai, domin yaran ne suka fi shan wuyar rabuwa.

A 2024 gwamnatin Biden ta fito da shirin da zai sawwaƙe wa irin waɗannan ma'aurata, kotun tarayya a Texas ta soke shi a watan Nuwamba na shekarar.

Wanda kuwa aka kora, ko ya yi fiye da shekara ba izini, ya fita ya sake tsallakowa a ɓoye, nasa ya fi tsanani: sai ya yi shekara 10 a waje kafin ma ya nemi izinin dawowa, kuma I-601A ba ta warware wannan. Don Allah kar ka sayi tikitin jirgi sai lauyan shige da fice mai lasisi ya ji tarihin shigarka da fitarka kaf.